Yatsu Uku a Jikin Bulo

Duk wanda ya san Zinatu ya san ba ta iya ganin bango da datti ta kau da kai. A Zangon Kumasi aka haife ta, a gidan da in Sallah ta matso sai an fitar da komai tsakar gida, a cike ramukan bango, a shafe shi da farar ƙasa, ko da kuwa shinkafar da za a dafa ranar ba ta samu ba tukuna. Shekara goma sha huɗu da ta yi a Amurka ba su rage mata komai a wannan hali ba.

Shagonta yana wani ɗan tsohon gari a bakin kogi, tafiyar minti goma daga gidansu na Woodbridge. Tun zamanin da Turawan Ingila ke mulkin wannan ƙasa aka kafa garin, kuma mutanensa da tsufan suke cin abinci. Ranar Asabar baƙi ke cika 'yan titunan, su kalli tsofaffin gidajen jan bulo, su sha askirim, su sayi kyandir da tsofaffin littattafai. A tsakanin mai kyandir da mai littattafan Zinatu ta samu wuri, tana sayar da atamfa, da kwandunan Bolga na arewacin Ghana, da man kaɗanya, da sabulun salo. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana aikin kula da tsofaffi, tana ɗaga su tana kwantar da su har bayanta ya fara ciwo, kafin Allah ya ba ta wannan ɗan ɗaki mai taga biyu.

Mai gidan wata tsohuwa ce, Martina, baƙar fata 'yar asalin garin, mai shekara tamanin da ɗaya. Masu gidaje uku sun ƙi ko amsa wayar Zinatu kafin ita ta karɓe ta. Amma da sharaɗi ta ba ta makulli. Ta ce, "Shekara ɗaya. In na ga yadda kike riƙe mini gidan, sai mu sa hannu a takardar shekara biyar. In ban gamsu ba, ki ba ni makullina, ba faɗa." A wannan makon shekarar ke cika.

Martina kuwa wata guda ke nan tana asibiti, an yi mata aiki a ƙugu, an ce ranar Juma'a za a sallame ta. Ga Babbar Sallah saura kwana tara. Sai Zinatu ta tsaya a titi ta ƙare wa gaban shagon kallo, ranta ya ɓaci. Bulon ya yi baƙi-baƙi, wani wurin ya tsattsage, ga wasu ramuka uku a jere daidai gefen ƙofa, kowanne bai fi kan yatsa ba. A wurin ne tsohuwar kan dafa bango duk lokacin da za ta shigo, ta ɗan tsaya, sannan ta ɗaga ƙafa. Zinatu ta daɗe da yanke hukuncin cewa ciwon gwiwa ne.

Ta ce wa mijinta Issaka, "Baban Raheema, matar nan ta yi mana abin da dangi ba su yi mana ba. Ta dawo daga asibiti ta tarar da gidanta kamar kango? Da wane ido zan kalle ta?"

Issaka direban motar kaya ne, ranar Lahadi kaɗai yake hutawa, amma ya san in matarsa ta ce da wane ido, to magana ta ƙare. Ranar Lahadi da hantsi suka zo da bokiti biyu. Ita da kanta ta dama farar ƙasa yadda uwarta ke damawa, da ɗan gishiri. Shi ya hau tsani. Ita kuma ta ɗauki ɗan ƙaramin bokitin siminti da cokali, ta bi ramukan nan uku ta cike su tsaf, ta shafe da bayan cokali har ba ka gane inda suke. Kafin la'asar gaban shagon ya yi fari fat. Har hoto ta ɗauka ta aika wa yayarta a Kumasi, yayar ta ce Allah ya yi albarka.

Ranar Litinin da safe tana jera kwanduna a waje sai ga Bartholomew. Wani dattijon magini ne mai farin gemu, wanda ba ya taɓa sabon gini, sai gyaran tsofaffin bangaye, kuma rabin gidajen garin hannunsa ya bi ta kansu. Kullum yakan wuce da kofin kofi a hannu ya ɗaga mata hula. Ran nan bai ɗaga ba. Ya tsaya cak a tsakiyar titi, har wata mota ta yi masa hon.

Ya matso ya lakaci bangon da yatsa, ya shinshina. Da Turanci suke magana, a hankali yake fitar da kalmominsa. Ya ce, "Fenti ne?"

"Farar ƙasa ce. Ni na dama."

Ya sauke numfashi. "To da sauƙi. A garin nan ba a shafa wa tsohon bulo komai sai da izini, za ki samu takarda daga hukuma. Amma wannan ruwa da burushi mai laushi za su fitar da ita." Yana faɗa yana bin bangon da tafin hannu, yana matsawa wajen ƙofa. Da ya kai gefen ƙofar sai hannunsa ya tsaya. Ya shafa, ya sake shafawa. Ya ajiye kofin a ƙasa.

"Ina yatsun?"

"Waɗanne yatsu?"

"Ramuka uku da ke nan."

Zinatu ta ce, da ɗan alfaharinta ma, "Na cike su da siminti."

Dattijon ya daɗe yana kallonta. Ba fushi ba ne a fuskarsa, kuma da fushin ne da ya fi mata sauƙi. Ya ce, "Ba ta taɓa faɗa miki ba ke nan. Ba ta cika faɗa wa kowa ba." Ya zauna a kan dakalin ƙofar, ya ba ta labari. A da, bayi ne ke buga bulon garin nan. In an zuba laka a ma'auni an shanya, sai a bi ana juya shi tun yana ɗanye, wani lokaci yatsun mai juyawar su nutse a ciki, a gasa shi a haka. Dangin Martina sun gada daga baki zuwa baki cewa waɗannan yatsu na kakar kakanninsu ne, wata baiwa mai suna Becky. Ba ta da kabarin da aka sani, ba ta da hoto, ba ta bar ko cokali ba. Kakan Martina ya yi shekara talatin yana aikin layin dogo don ya sayi gidan, ba don kyansa ba, don wannan bulo guda ɗaya. Shi ya koya wa 'ya'yansa su sa yatsu a ciki in za su shiga.

Zinatu ta dubi wurin da ta cike. Ta jingina da ƙofa, ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Wata goma sha ɗaya tana kallon tsohuwa tana gaida kakarta, ita kuma tana tunanin wane man zafi za ta ba ta don gwiwa.

Bartholomew ya ce, "Saurare ni da kyau. Siminti ya fi wannan bulo ƙarfi. In aka ciro shi da ƙarfe, da fuskar bulon zai fito, kuma shi ke nan har abada. Ina da aiki a garin Annapolis yau da gobe. Laraba da sassafe zan zo da kayana, mu gwada. Ban yi miki alkawarin komai ba. Ki wanke farar ƙasar, ki riƙa jiƙa wurin da tsumma. Amma kada ki sa masa ƙarfe. Kin ji?"

Ta ce ta ji.

Ranar ba ta sayar da ko sabulu ɗaya ba. Ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ta ɗaura zani, ta kama wanke bangon da ta shafe jiya da murna. Mai kyandir ta fito ta kalla ta koma. Mai littattafai ya kawo mata tiyo ya koma. Kafin azahar ta Talata jan bulon ya dawo, sai ɗan fari-fari a cikin tsaga. Ramukan uku kuwa suna nan a cike, toka-toka, suna kallonta.

Da azahar ɗin wayarta ta yi ƙara. Martina ce, muryarta garau.

"Zinatu, sun gaji da ni, sun ce gobe in tafi. Ƙarfe goma zan sa mai tasi ya fara sauke ni a wurinki kafin gida. Takardar shekara biyar ɗin tana cikin jakata. Komai lafiya?"

Zinatu ta buɗe baki, gaskiyar ta zo har maƙogwaro ta tsaya. Ta ce, "Lafiya lau, Mama. Allah ya kawo ki lafiya."

Ta kira Bartholomew sau huɗu, bai ɗauka ba, yana can kan wani tsani. Ta kira Issaka, yana kan babbar hanyar 95 cikin cunkoso. Ya ce, "Maman Raheema, mutumin ya ce ki jira, ki jira. Kada ki taɓa komai sai na zo."

To, Zinatu da jira ba su taɓa shiri ba. Mace ce da in ta ɓata abu sai ta gyara shi da hannunta kafin rana ta faɗi, haka aka tarbiyyantar da ita, kuma haka ta rayu. Ta shiga ta fita, ta shiga ta fita. Ta riƙa lissafi: in dattijon ya zo ƙarfe bakwai, awa uku ke nan, in kuma ya makara fa? In motarsa ta lalace fa? Ta duƙa ta duba ramin ƙarshe, na ɗan ƙaramin yatsa. Sai ta ga kamar gefen simintin ya ɗan rabu da bulo, siririn layi kamar gashi. Ta ce a ranta, ɗan taɓawa kawai zan yi in gani. Ta ɗauko abin farke ɗinki daga kan teburin yanka atamfa, mai ɗan bakin ƙarfe siriri. Ta yi bisimilla ta sa bakin a layin, ta ɗan danna. Bai motsa ba. Ta ƙara dannawa, ta murɗa.

Ƙarar ba ta fi ta fasa gyaɗa ba. Simintin ya faɗo a tafin hannunta, da jan bulo manne a bayansa, ya kai girman goro. A bangon kuwa babu sauran ramin yatsa. Wani sabon rauni ne mai kaifin baki, cikinsa ja wur, kalar da ba ta ga rana ba tun shekara ɗari biyu da hamsin.

A haka Issaka ya same ta da yamma, zaune a dakali, hannunta a dunƙule. Ya buɗe hannun ya gani, ya dubi bango, ya cire hularsa ya share fuska. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Gobe ki ce ni ne. Ni na hau tsani, kowa ya gan ni. Ni ba ni da takarda da ita. Ta zage ni, ta hana ni zuwa titin nan, ke ki riƙe shagonki."

"Ka san ba kai ba ne."

"Na sani. Kin san kuma abin da ke jiranki in ta karɓi makulli. Bayanki ba zai sake ɗaga tsoho ba, likita ya faɗa miki."

 Tsoro ne ya cika Zinatu, tsoron komawa gidan jiya, kuma ta ji kunyar yadda maganar mijin ta yi mata daɗi.

Laraba ƙarfe bakwai saura Bartholomew ya iso da 'yar jakarsa. Ya ga raunin. Ya dubi Zinatu, ya dubi Issaka da ya ƙi fita aiki ran nan, bai tambayi kowa ba. Ya durƙusa, ya fito da 'yan tsinkayen itace da ya fiƙe da kansa, da kwalbar ruwan ɗumi, da wata 'yar guduma ta katako. Ya jiƙa, ya jira. Ya ƙwanƙwasa a hankali kamar mai tashin jariri, ya sake jiƙawa. Ƙarfe takwas ta wuce. Ƙarfe tara ta wuce. Zinatu tana tsaye a bayansa tana karanta duk addu'ar da ta sani, idonta na kan bakin titi inda tasi zai ɓullo.

Tara da rabi simintin farko ya zame ya faɗo gaba ɗaya, sumul, da siffar kan yatsa. Minti goma bayan haka na biyu ya biyo shi. Ramuka biyu suka bayyana, santsinsu yana nan, ko ƙwarzane babu. Dattijon ya juya ɗan simintin a hannunsa, ya ce, "Kin ga bayansa? Bai kama ba. Maiƙon hannu ne. Shekara ɗari suna sa yatsu a ciki, bulon ya sha mai, siminti bai samu wurin riƙewa ba." Ya dubi raunin. "Na ukun ma haka zai fito."

Wannan magana ita ta sa Zinatu kuka, ba ta ma san hawayen sun zubo ba sai da suka ɗiga a kan rigarta.

Goma da 'yan mintuna tasi ya tsaya. Martina ta fito da ƙyar, tana tura abin dogarawa mai ƙafa huɗu, jaka rataye a wuyanta, ta rame sosai. Ta ga bango ya yi haske, ta ga Bartholomew da kayan aiki, ta ga fuskokinsu. Murmushinta ya tafi. Ba ta gaida kowa ba. Ta turo abin dogarawar taku ɗaya-ɗaya har gefen ƙofa, ta ɗaga hannun dama ba tare da ta duba ba, yadda ta saba tun tana yarinya. Yatsa ɗaya ya shiga. Na biyu ya shiga. Na ukun ya faɗa cikin kaifi, ta janye shi da sauri. Sannan ta duba.

Babu wanda ya yi motsi. Can ƙasan titi ana jin mai askirim yana jan kujerunsa waje.

Ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "Uku ne na bari."

Issaka ya matso, ya ɗan rusuna. "Mama, ni ne na..."

Zinatu ta riƙe hannun rigarsa. Ta zo gaban tsohuwar ta durƙusa a kan titi, gwiwa biyu, yadda ake yi wa uwa a gida. Ta faɗi komai. Ta faɗi Sallah da farar ƙasa, da cokalin da ta cike ramukan da shi. Ta faɗi gargaɗin Bartholomew, da ƙaryar da ta yi a waya, da abin farke ɗinki. Ta buɗe hankici ta miƙa guntun bulon. Daga ƙarshe ta ciro makullin shagon ta ɗora a kai. Ta ce, "Cikewar rashin sani ne. Fasawar kuwa an hana ni, na yi. Da zan iya mayar da shi da yatsana da na yanke na ba ki."

Martina ta karɓi guntun, ta bar makullin a hankicin. Ta daɗe tana juya shi. Zinatu ta ga ɓacin rai ƙarara a idonta, irin wanda ba ya wucewa da ban haƙuri.

"Ba zan ce miki ba komai ba," in ji ta. "Akwai komai. Shekara saba'in da biyar ina gaida matar nan da yatsu uku." Ta dubi Bartholomew. "Za a iya manna shi?"

"Za a iya cike wurin. Amma yatsan ba zai dawo ba, sai dai in ƙirƙiro wani."

"Kada ka ƙirƙiro mata komai." Ta juyo. "Tashi, Zinatu. Ba ni hannunki."

Zinatu ta tashi ta miƙa. Tsohuwar ta kama hannun da ƙarfin da ba a zaci tana da shi ba, ta kai shi bango. Ta sa yatsa ɗaya a ramin farko, ɗaya a na biyu, ta danna na ukun cikin raunin har kaifin ya shiga naman Zinatu.

"Da kin bari mijinki ya gama maganarsa, da yanzu makullin nan yana jakata. Na san hannun da ba ya iya zama shiru a gidan nan, wata goma sha ɗaya ina kallonki." Ta ja numfashi. "Ni ma da laifina. Na ɓoye ta kamar kuɗin ƙarƙashin katifa, har wadda ke kwana da tashi a ƙofarta ba ta san ta ba. Ba ni da ɗa, kuma ba zan daɗe ba. Ga sharaɗina. Ba za a cike wannan rami ba. Duk wanda ya shigo shagon nan ya tambaya, ki faɗa masa biyun na Becky ne, ki faɗa masa ko wace ce ita. Sannan ki faɗa masa wanda ya yi na ukun. Da sunanki, ba wai wata mata ba. Shekara biyar. Za ki iya?"

Zinatu ta ce, "Zan iya, Mama."

"Za mu gani." A kan murfin tasi suka sa hannu. Martina ba ta shiga shagon ba ran nan, kuma ba ta karɓi kwandon kyautar da Zinatu ta shirya mata ba. Guntun bulon kawai ta sa a jaka ta tafi.

Ranar Asabar garin ya cika kamar kullum. Wajen hantsi wata mata mai hular rana ta tsaya a ƙofa tana jiran mijinta, idonta ya faɗa kan bango. Ta leƙo ta ce, "Don Allah, waɗannan ramukan na mene ne? Wannan na ƙarshen kamar sabo."

Akwai mutum shida a shagon, duk suka juyo. Zinatu ta ajiye atamfar da take ninkewa. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Ta fito, ta sa yatsunta uku a wurin.

Ta ce, "Biyun nan na wata mata ce, sunanta Becky. Ki ɗan tsaya, labarin yana da tsawo, kuma ƙarshensa ni ce."